Randa cikin randa: Firjin da ɗalibai ke iya haɗawa da kansu

A ƙauyukan arewacin jihar Kano, inda gonaki ke haɗe da juna babu saura, manoman rani na fama da matsala guda a kowace shekara: tumatir da tattasai kan nuna a lokaci ɗaya, kuma cikin 'yan kwanaki sai su fara ruɓewa.

Makarantun yankin ma na da tasu matsalar. Da dama ba su da wutar lantarki ko ɗakin gwaje-gwaje, don haka ɗalibi kan haddace darasin kimiyya ba tare da ya taɓa gwada shi da hannunsa ba.

Wata fasaha mai sauƙi, wadda ake kira randa cikin randa, ta shafi waɗannan matsaloli biyu.

Wanda ya yaɗa ta

Mutumin da ya fito da wannan fasaha a arewacin Najeriya shi ne marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse. Har zuwa 1991 Jigawa wani ɓangare ne na jihar Kano.

An haife shi a 1964 a gidan magina tukwane, kuma tun yana yaro ya san yumɓu.

A shekarun 1990 ya yi ta gwaji, daga bisani ya sa aka gina randuna 5,000 da kuɗin aljihunsa, ya raba su kyauta a wasu ƙauyukan Jigawa.

A shekara ta 2000 kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo da kyautar dala 75,000, sannan a 2001 mujallar Time ta Amurka ta sanya fasahar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar. Ya rasu a 2010.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka dame shi shi ne yadda ake hana 'yan mata zuwa makaranta domin su yi tallar kayan miya kafin su lalace. A ganinsa, idan kayan za su daɗe, babu dalilin aika yarinya talla kullum.

Yadda ake haɗa ta

Ana buƙatar randuna biyu na ƙasa, babba da ƙarama, da yashi, da ruwa, da kuma tsumma ko buhun algarara.

Da farko a toshe duk wata ɓula. Sai a zuba yashi a gindin babbar, a ɗora ƙaramar a ciki yadda bakunansu za su daidaita, a cike tsakaninsu da yashi.

Daga nan a jiƙa yashin sosai, a zuba kayan lambu a cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma.

Ana ajiye ta a inuwa, a inda iska ke kaɗawa, ana kuma ƙara ruwa a yashin safe da yamma.

Sirrin sanyin

Ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta ƙananan kafofin jikin babbar randa, iska ta busar da shi. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗauki zafi, kuma zafin da yake ɗauka shi ne na cikin randa.

Wannan ne dalilin da ya sa ruwan tulu ke sanyi, kuma shi ya sa gumi ke sanyaya jiki.

Gwaje-gwajen Malam Bah Abba sun nuna cewa gauta kan kai kwana 27 a maimakon uku, tumatir da tattasai kuwa kimanin mako uku, alayyaho kwana 12 a maimakon ɗaya.

To sai dai fasahar na da iyaka. Ta fi aiki da bazara da lokacin hunturu, sa'ad da iska ke bushe. Da damina, da yake iska na ɗauke da laima, sanyin kan ragu. Haka kuma sanyinta bai kai na firji ba, don haka ba ta dace da ajiye ɗanyen nama ko allurar rigakafi ba.

Amfaninta a aji

Lokacin da Najeriya ta fara tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injinan koyar da sana'a daga ƙasashen waje, amma da yawansu sun lalace a cikin akwatuna saboda rashin wuta da ƙwararrun malamai.

Randa cikin randa ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. A Dawakin Tofa, garin da ya shahara da ginin tukwane, kuma inda gwamnatin Kano ta kafa ɗaya daga cikin makarantun sakandaren kimiyya biyu na farko a 1977, kayan aikin na nan a ƙofar gida.

Malami na iya raba tumatir gida biyu, rabi a randa, rabi a kwando, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani kowace rana. Idan akwai ma'aunin zafi, sai su auna ciki da waje da safe da kuma bayan azahar.

Za su iya kwatanta randar da ke inuwa da wadda ke rana, ko sakamakon watan Afrilu da na Agusta. Ta haka ɗalibi ke koyon awo, da ajiye bayanai, da gane dalilin abu.

Fasahar ta kai wasu ƙasashe, ciki har da Sudan, inda ake kiranta zeer, kuma an yi amfani da ita a yankin Darfur.

A arewacin Kano kuwa, inda ake noman rani a madatsun ruwa irin su Thomas da Watari, randar da yaro ya haɗa a makaranta na iya ba mahaifinsa damar jinkirta sayar da tumatirinsa har farashi ya gyaru.