Bututun man Nijar da Benin: abin da ya kamata a sani kan muhalli, diyya da riƙon dukiya

Bututun da ke kai ɗanyen man Agadem zuwa tashar jiragen ruwa ta Seme a Jamhuriyar Benin yana da tsawon kusan kilomita 2,000, kuma kimanin 1,275 daga ciki a ƙasar Nijar suke. Ya taso daga Kulele a jihar Diffa, ya ratsa Damagaram, Maraɗi, kudancin jihar Tawa ta wajen Ƙonni, sannan Dosso, kafin ya tsallaka iyaka a Gaya. Kamfanin CNPC na China ne ya gina shi ta hannun reshensa WAPCO. An aza harsashinsa a watan Satumban 2019, jirgin farko kuma ya ɗauki mai a watan Mayun 2024. Yana iya ɗaukar ganga 90,000 a rana.

Abubuwa uku ake dubawa wajen auna irin wannan aiki.

Na farko shi ne muhalli. Dokar 2018-28 ta wajabta binciken illar da babban aiki zai yi wa ƙasa, ruwa da itatuwa kafin a soma shi, hukumar BNEE ce kuma ke bin diddigi. Ga yankin Tsarnawa, Malbaza da Ƙonni, inda noman rani na albasa ya dogara ga rijiyoyi da ruwan kwarin Maggiya, abin tsoro shi ne malalar mai. An ga misalinsa a watan Yunin 2024, lokacin da aka fasa bututun a jihar Damagaram mai ya kwarara a ƙasa.

Na biyu haƙƙin jama'a. Dokar 61-37 ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta tanadi a biya diyya ta adalci kafin a karɓi fili don amfanin kowa. A nan takardar shaidar mallaka daga kwamitin filaye na COFO take da rana, domin wanda gonarsa ba ta da rajista yakan sha wuya wajen tabbatar da haƙƙinsa. Batun ma'aikata ma yana ciki: a watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun sallami shugabannin kamfanonin mai uku 'yan China, inda aka ambaci tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa.

Na uku riƙon dukiya. A watan Afrilun 2024 Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC, da sharaɗin biya da kuɗin man da za a sayar. Bayyana wa jama'a irin wannan yarjejeniya shi ne manufar shirin ITIE, wanda Nijar ta fice daga cikinsa a 2017 ta koma a 2020.

Ratsa ƙasashe biyu yana da nasa haɗarin. Takaddamar rufe iyaka tsakanin Yamai da Kwatano ta sa Nijar ta rufe bututun a watan Yunin 2024, sai a watan Agusta aka koma lodi.

Manomi ko makiyayin da aikin ya taɓa gonarsa, rijiyarsa ko burtalinsa, matakin farko shi ne ya kai kokensa a rubuce ga mai gari da ofishin magajin gari, ya kuma adana kwafin takardar.