Fulogi ko liƙin dalma: yadda ake haɗa wayoyin inji a motocin rimot

A motar rimot mai aiki da lantarki, wuta tana tashi daga batir, ta bi ta na'urar daidaita gudu da ake kira ESC, sannan ta isa inji. Tsohon samfurin inji mai burushi wayoyi biyu gare shi, na zamani marar burushi kuwa uku. Ana haɗa wayoyin nan ta ɗaya daga hanyoyi biyu, ko dai a narka dalma a liƙe su kai tsaye a jikin injin, ko kuma a sa musu fulogin da ake iya zarewa a mayar.

Abin da ke raba gardama tsakanin hanyoyin shi ne zafi. Kowace mahaɗa tana ɗan turje wa wuta, turjiyar kuma tana rikiɗewa zafi. Idan yawan wutar ya ninka sau biyu, zafin ninkawa yake sau huɗu. Mahaɗa mai turjiyar om 0.001 tana fitar da zafin wat 2.5 idan amfiya 50 ta bi ta cikinta. Da zarar ta yi sako-sako turjiyar ta kai om 0.01, zafin zai kai wat 25, daidai da na ƙaramin ƙarfen liƙi irin na masu gyaran rediyo. Wannan ya isa ya narkar da robar waya, ya haɗe wayoyi biyu, ya ƙone ESC.

Fulogin da aka fi sa wa inji shi ne mai siffar harsashi, mai ruwan zinariya a jiki, wanda kaurinsa ya kan kasance milimita 3.5 ko 4 ko 5, gwargwadon girman motar. Amfaninsa sauƙi ne. Ana canza inji cikin mintuna kaɗan ba tare da kunna ƙarfen liƙi ba. Idan inji marar sensa ya juya da baya, musanya kowaɗanne biyu daga wayoyi ukun zai gyara shi nan take. Illarsa ita ce yawan zarewa yana sassauta shi, ƙura da laima suna ɓata fuskarsa, jijjiga kuma tana iya zare shi ana tsaka da gudu. Haka nan fulogi bai raba mai shi da dalma ba, domin shi kansa liƙa shi ake yi a bakin waya.

Masu tseren motoci irin na gasannin ROAR a Amurka da IFMAR ta duniya sun fi karkata ga liƙi kai tsaye, domin yana rage turjiya da nauyi da tsawon waya. Injinansu galibi masu sensa ne, waɗanda dole wayar A ta je A, B ta je B, C ta je C, don haka damar musanya wayoyi ba ta da amfani gare su. Sai dai liƙin yana buƙatar hannu. Dalmar da ba ta narke sosai ba ta kan yi dusu-dusu, ta tsage daga baya, kuma irin wannan liƙi ya fi fulogi mai kyau haɗari. Haɗin kuza kashi 63 da dalma kashi 37 yana narkewa a digiri 183, wanda babu dalma a cikinsa kuwa sai wajen digiri 217. Tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita sa dalma a kayan lantarki saboda gubarta, shi ya sa ake gargaɗin wanke hannu bayan aiki; ana kuma gargaɗin nisantar hayaƙin liƙi.

Ɓangaren batir hukuncinsa daban ne. Batirin LiPo yana iya kamawa da wuta idan wayoyinsa suka haɗu, kuma dole a cire shi bayan kowane wasa, saboda haka kullum fulogi ake sa masa, irin su XT60 ko Deans ko EC5. Tsohon fulogin Tamiya ya yi ƙaurin suna wajen narkewa a motoci masu cin wuta sosai.

Ga mai wasa a fili wanda yake yawan kwance motarsa, fulogi mai kauri daidai da wayar ya wadatar, muddin yana shiga da ƙarfi. Ga mai tsere, liƙi ya fi. Ko wanne aka zaɓa, a taɓa mahaɗar bayan gudu: idan ta fi sauran wayar zafi, a gyara ta kafin a sake kunna motar.