Tarihin Kundin Tantance Ma'aikata: Daga X.500 zuwa Active Directory

A wannan maƙala za mu bi sawun kundin da manyan kamfanoni ke ajiye sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu a kwamfuta, wanda shi ke tantance wanda za a buɗe wa da wanda za a hana. Tushensa ƙa'idar X.500 ce ta shekarar 1988, wadda ta jera sunaye tamkar rassan bishiya: ƙasa, sai kamfani, sai sashe, sannan mutum. Sai dai ta yi wa ƙananan kwamfutocin wancan zamani nauyi, don haka Tim Howes na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa suka fito da LDAP a 1993. Wannan hanya Microsoft ya bi wajen gina Active Directory, wanda ya fito a 2000.

A ganinmu, dogaro da kundi ɗaya ya sauƙaƙa aiki, amma ya ɗora wa mai kula da shi babbar amana. A 2017 cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta shafe kundin kamfanin jiragen ruwa na Maersk a ko'ina. Kwafi ɗaya tak ya tsira, a wani ofishinsu, saboda an ɗauke wuta kafin harin. Da shi aka sake gina sauran.