Daga Man Zurma Zuwa 'Yar Robar Man Birki: Wani Tarihi Da Ke Ƙarƙashin Bonet

Wannan makon garejin kanikawa za mu leƙa, mu bi tarihin 'yar robar nan da ake zuba man birki a ciki. Duk wanda ya taɓa buɗe bonet ya gan ta a gefen direba, da layi biyu a jikinta, na sama da na ƙasa. Ba ta fi kofin shayi girma ba, amma ran duk wanda ke cikin motar yana rataye da abin da ke cikinta.

Mu fara da Tudun Wada. Turawa sun ci Zazzau a 1902, jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911. Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, Tudun Wada kuwa ta kafu a wajen Ƙofar Doka, ta zama mazaunin 'yan Arewa baƙi waɗanda ba 'yan birni ba: malamai, ma'aikata, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Mu marubuta mun fi sanin wannan yanki da Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, da su Abubakar Imam. Amma hanyar da ta taso daga Ƙofar Doka ta ratsa unguwar ta nufi Sabon Gari ta raini wasu masu ilimin daban, wato direbobi da kanikawa, kuma nasu ilimin da baki da hannu ake gadonsa.

Motocin farko birkinsu na sanda da waya ne, ƙarfin ƙafar direba shi ke jan komai. Tun a ƙarni na 17 masani Pascal na Faransa ya nuna cewa in aka matsa ruwan da ke kulle a cikin mazubi, matsin yana isa kowane lungu daidai wa daida. A kan wannan ne wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, wanda daga baya aka san sunan gidansu da Lockheed, ya gina birkin mai. Motar Duesenberg ta fito da shi a tayoyi huɗu a 1921, Chrysler ya bi a 1924, Ford kuwa ya yi ta jan ƙafa sai a 1939.

Abin da zai ba mu mamaki shi ne man farko da aka yi amfani da shi. Man zurma ne, zurmar nan da ke fitowa a bayan gidajenmu, aka gauraya da sifirit. An zaɓe shi ne saboda ba ya cin robobin da ke cikin birki, alhali duk man da aka samo daga fetur yana kumbura su har su lalace. Daga baya aka koma man da ake haɗawa a masana'anta, wanda yau muke gani an rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwaninsa. Man ya canza, dokar ba ta canza ba: fetur, kalanzir da baƙin mai ba su da wuri a cikin birki.

Sabon man yana da nasa aibin: yana zuƙar laima daga iska. Ƙa'idar DOT 3 ita ce kada sabo ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa ƙa'idar ta sauko zuwa 140. Na DOT 4 daga 230 yake sauka zuwa 155. Direba ya ɗauko lodi, ya yi ta taka birki, zafi ya taru, man ya tafasa ya zama tururi. Ruwa ba ya matsuwa, tururi kuwa yana matsuwa, sai ƙafa ta nutse har ƙasa mota tana tafiya. Shi ne abin da muke kira tsinkewar birki. Wannan ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a canza man duk bayan shekara biyu.

Shi ma mazubin ya sha sauyi. Da can na ƙarfe ne, haɗe da masta, sai an kwance murfi ake ganin abin da ya rage, kuma kowace buɗewa ƙura da laima ke shiga. Aka zo aka yi na roba mai haske, wanda ido zai gane daga waje, aka kuma raba cikinsa gida biyu, don in layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da motar. Amurka ta wajabta wannan tsari mai layi biyu a ƙarshen shekarun 1960.

A wajenmu babbar makaranta ita ce Fijo. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, 404 da 504 suka cika tashoshinmu, yara da dama suka koyi kanikanci a kansu. Bayan tsarin SAP na 1986 sabuwar mota ta gagari talaka, tsofaffin motocin Turai suka riƙa shigowa ta Kwatano, wata da man da ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kuwa sai a 1988 aka kafa ta. A tsakanin nan, bakanike shi ne alƙalin da ke yanke ko mota ta hau titi.

Gwanin bakanike in ya ga man ya yi baƙi, da laka a gindin robar, zuƙe tsohon yake fara yi. Sai ya zare robar a hankali daga bakin masta, ya duba robobin da take zaune a kansu, ya wanke ta da sabon man birki ko sifirit, ya bari ta bushe sarai. Yana kiyaye kada man ya ɗiga a jikin mota, don yana cin fenti. Bayan ya mayar, sai a cire iska: yaro a kujerar direba yana bugawa yana dannewa, maigida a gindin taya yana sassauta noti har kumfa ta ƙare. Mai gaggawa kuma sai ya tsoma robar a kwanon fetur ɗin da yake wanke sauran ƙarafa. Ranar nan komai lafiya, bayan makonni robobi su kumbura, a ji labari a hanyar Kano ko ta Kaduna.

'Yan uwa, a littattafanmu haɗarin mota ba ya wuce layi ɗaya: birki ya tsinke, jarumi ya mutu. Ƙaddara gaskiya ce, amma tana da sanadi, kuma sanadin labari ne. Akwai yaron da ya ga an yi ha'inci ya ji nauyin maigidansa ya yi shiru. Akwai direban da kuɗin balas ya hana shi sayen gwangwani ɗaya. Dattawan da suka koyi aiki a kan 404 suna nan a Tudun Wada, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya da kalmominsu a baki. Aikin wannan mako shi ne kowa ya zauna da bakanike ɗaya, ya rubuto mana sunaye goma na kayan birki kamar yadda ake faɗinsu a gareji, da bayanin wanda ya koya masa sana'ar.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.