Gaiwa: Kifin da ke taka ƙasan ruwa, ya kuma yi rani a cikin laka

Gaiwa kifi ce sananniya a fadamu da kududdufan damina na ƙasar Hausa, ciki har da na yankin Kanya Babba da sauran ƙasashen Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa. Masana kimiyya na kiranta Protopterus annectens. Jikinta dogo ne mai santsi, tsawonta kan kai kusan mita ɗaya, kuma tana da huhu. Tilas ta riƙa leƙowa saman ruwa tana shaƙar iska. Idan aka hana ta, sai ta mutu a cikin ruwan da take rayuwa.

Hanyoyin motsinta biyu ne. Idan sauri take so, sai ta riƙa lanƙwasa jiki da wutsiya hagu da dama kamar maciji, tana tura ruwa baya. Ta biyun ita ce abin mamaki. Gaiwa na da wasu gaɓoɓi huɗu sirara kamar igiya, biyu kusa da kai, biyu can baya, waɗanda mai kallo zai ɗauka ba su da wani amfani. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka suka ɗauki bidiyonta a tankin ruwa, suka ga tana dogara da biyun na baya ta ɗaga jikinta daga ƙasa, tana jefa ɗaya bayan ɗaya tamkar mai tafiya, wani lokacin kuma ta jefa su tare. Ruwa ne ke ɗauke mata nauyi, shi ya sa gaɓoɓi marasa ƙwari suke isar ta.

A teku akwai wata dabara daban. Sikwid da oktofus, halittu masu laushin jiki da hannuwa da yawa, kan zuƙi ruwa cikin kogon jikinsu, su matse tsoka, su feso shi ta wani ɗan bututu, sai jikin ya zabura zuwa ɗaya gefen. Juya bakin bututun shi ne juya akala. Dabarar na ba da sauri, amma tana cin ƙarfi matuƙa. Oktofus zuciya uku gare shi, kuma babbar cikinsu kan tsaya yayin da yake iyo, don haka ya fi son rarrafe a ƙasan teku. A nan ya yi kama da gaiwa: kowannensu tattalin ƙarfinsa yake yi.

Tattalin gaiwa ya fi bayyana da rani. Ruwa na fara janyewa sai ta haƙa rami a laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar ƙaramar kafa a daidai baki don numfashi. Haka za ta zauna watanni ba ci ba sha. Maganar da Hausawa ke yi cewa gaiwa jikinta take ci ba zuƙi ta malle ba ce: tsokarta take narkarwa ta rayu, har ruwan damina ya jiƙa kwanson.

Wannan rayuwa gaba ɗaya ta rataya ne a kan dawowar ruwa a kan lokaci. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗeja zuwa Nguru kowace shekara, kuma masunta da makiyayan yankin sun daɗe suna kokawa. A ƙauyuka kuwa, kududdufin da aka cike don gini, ko aka kwashe lakarsa da rani don yin tubali, yakan tafi da gaiwar da ke kwance a ƙarƙashinsa. Ba kasafai ake jin wannan asarar a bakin masu tsara ayyukan ruwa ba.