Madogaran Binciken Tarihin Yaƙin Duniya na Biyu a Ƙasar Maraɗi

Gabatarwa

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suke kira Yaƙin Hitila, an yi shi ne daga shekarar 1939 zuwa 1945. Ko da yake ba a yi arangama a ƙasar Maraɗi ba, yaƙin ya shigo har cikin gidaje, domin ya ɗebi samari, ya ci hatsi da dabbobi, ya kuma datse hanyar fatauci zuwa Katsina da Kano. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa mai bincike inda zai sami madogara game da wannan zamani a birnin Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, da yadda zai auna kowace madogara kafin ya yi aiki da ita. Abin da ya sa aikin ya zama na gaggawa shi ne, saurayin da aka ɗauka soja yana ɗan shekara 20 a 1940, yau ya haura shekara 100. Ke nan labarin ya kusa fita daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, ya koma hannun ƴaƴa da jikoki.

Ƙasa ɗaya, runduna biyu

A farkon yaƙin Faransa da Ingila kansu a haɗe yake. Amma da Jamus ta ci Faransa a watan Yuni na 1940, sai hukumar Afirka ta Yamma ta Faransa, ƙarƙashin Gwamna Janar Pierre Boisson a Dakar, ta bi gwamnatin Vichy, alhali kuwa Cadi ta bi Janar de Gaulle tun watan Agusta na wannan shekara. Daga nan har zuwa watan Nuwamba na 1942, iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, wadda ba ta kai kilomita 50 daga birnin Maraɗi ba, ta zama iyakar hukumomi biyu masu zaman doya da manja. Gujiyar Maraɗi, wadda ta saba bin hanyar Kano zuwa jirgin ƙasa, ta rasa mafita. Tufa ta yi wuya. Sumoga ya bunƙasa.

Ta fuskar soja ma haka abin yake. A ɓangaren da mutane ke kira Faransi, dokar 1919 ta ɗora wa samari aikin soja na tilas na shekara uku. Kwamitin ɗauka, wanda ya ƙunshi kumandan da hafsa da likita, yakan zagaya, sarakuna su gabatar da samari, a duba lafiyarsu, a jefa ƙuri'a. Duk wanda aka ɗauka ana sa shi a rundunar da ake kira ta ƴan bindigar Senegal, ko da kuwa Bagobiri ne daga Tsibiri. A ɓangaren Ingilishi kuwa, rundunar Nijeriya tana amfani da harshen Hausa a bariki, kuma akwai mutanen Nijar da suka tsallaka suka shiga cikinta. Sojojinta sun yi yaƙi a Gabashin Afirka a 1940 da 1941, sannan a ƙasar Bama daga 1943 zuwa 1945, cikin runduna ta 81 da ta 82. Saboda haka wanda ya tsaya ga takardun Faransanci kaɗai, rabin labari zai samu.

Taskokin takardu

Wurin farawa shi ne Taskar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Yamai, inda ake neman rahotannin kumandan na Maraɗi, da rahotannin rangadi, da takardun ƙidayar mutane da haraji. A nan ne ake ganin yawan samarin da aka ɗora wa kowane kanto, da hatsin da aka tara a rumbunan tsimi, da dabbobin da aka karɓa. Daga nan sai taskar Dakar, wadda take riƙe da takardun hukumar Afirka ta Yamma baki ɗaya: rukunin 2G ya ƙunshi rahotannin shekara-shekara, rukunin 4D kuwa ya shafi ɗaukar soja. Akwai hotunan da yawa daga cikinsu a taskar ƙasashen ƙetare da ke Aix-en-Provence a Faransa.

Labarin bataliyoyi da wuraren da suka yi yaƙi yana ma'aikatar tarihin soja da ke Vincennes. Fayil na kowane soja shi kaɗai ana nemansa a cibiyar da ke Pau, na waɗanda suka mutu ko aka kama kuwa a Caen. Wannan reshe na ƙarshe yana da muhimmanci, domin sojojin Afirka da Jamus ta kama a 1940, akasarinsu a sansanonin cikin Faransa aka tsare su, kuma daga cikin irinsu ne aka sami waɗanda aka harbe a Thiaroye, kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, lokacin da suka nemi haƙƙinsu.

Ta ɓangaren Ingilishi, taskar Kaduna tana da fayilolin Lardin Katsina, inda Razdan da jami'ansa suke ba da labarin masu tsallakowa daga arewa da abin da ake ji daga Maraɗi. Littattafan yau da kullum na bataliyoyin Nijeriya suna taskar Kew a Landan. Sai kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta. Ita ce babbar madogara game da yadda aka bayyana wa Bahaushe yaƙin da harshensa, amma a tuna cewa jaridar hukuma ce, tana da gefen da take goyon baya. Game da Tsibiri akwai ƙarin wata kafa: mishan ɗin SIM ya zauna a garin tun kafin yaƙi, ma'aikatansa masu jin Ingilishi ne, hukumar Vichy kuwa ba ta sakankance da su ba. Wasiƙunsu suna taskar mishan ɗin a Amurka, kuma Barbara Cooper ta yi aiki da su a littafinta na 2006.

Daga cikin ayyukan masana, littafin Finn Fuglestad na 1983 kan tarihin Nijar, da na Myron Echenberg na 1991 kan ɗaukar soja, da na Emmanuel Grégoire na 1986 kan alhazan Maraɗi, suna ba da shimfiɗa mai kyau. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da aka rubuta domin ya bi sawun sojan Jiratawa ko na Tsibiri.

Matsalar rubuta sunaye

A nan ne aikin masanin harshe yake shigowa. Magatakardan Nasara sun rubuta sunaye ne bisa ƙa'idar Faransanci: Tsibiri ya zama Tibiri, Jiratawa ta zama Djirataoua, Tasawa ta zama Tessaoua, Usmanu ya zama Ousmane. Baƙaƙe masu lanƙwasa duk sun ɓace, ba a bambanta Baƙo da Bako. Sau da yawa ana rubuta mutum da sunan garinsu a madadin sunan mahaifi, wani kuma ya ba da sunan da ba a san shi da shi a gida ba, musamman wanda ya tafi a madadin wani, ko wanda ya shiga sojan Ingilishi ya ce shi mutumin Jibiya ne. Don haka suna kaɗai ba ya isa. Mabuɗin fayil shi ne lambar soja da shekarar ɗauka da wurin ɗauka, waɗannan kuwa suna cikin ɗan littafin soja da katin fansho da iyalai da dama suke ajiye da su a adaka. Ajiyar tana da dalili: dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da fanshon sojojin Afirka, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan shekarar 2000, saboda haka aka daɗe ana riƙon takardun da kyau ana jiran haƙƙi.

Labarin baka

Takarda tana faɗin abin da kumandan yake so Yamai ta ji. Ba ta faɗin yadda mai gari ya zaɓi ɗan wane ya bar ɗan wane, ko yadda matar soja ta ci da ƴaƴanta, ko ta wace burtali aka bi da dare zuwa Katsina. Wannan sai a bakin mutane. Ya kamata a fara da fadar Sarkin Katsina a Maraɗi, da ta Sarkin Gobir a Tsibiri, da ta Jiratawa, domin ta hannun sarakuna aka yi ɗaukar, kuma makaɗa da dogarai da fadawa suna riƙe da abin da suka gada. Kada a bar tsofaffin mata, waɗanda suke yara a lokacin. A Yamai kuma a binciki faya-fayan da cibiyar IRSH da ta CELHTO suka ɗauka, da rubuce-rubucen ajami da ke IRSH.

Abubuwa biyu suna taimakawa wajen tace irin wannan labari. Na farko shi ne ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945, wadda ta ci tsohon gari har aka tashe shi zuwa tudu. Da yake ta zo daidai da ƙarshen yaƙi, tambayar ko abu ya faru kafin ruwa ya ci gari ko bayansa tana tsayar da lokaci fiye da tambayar shekara. Na biyu shi ne kalmomin da mai ba da labari yake amfani da su. Gidan da ake cewa kofur da saje da samanja, sojansu Ingilishi ya yi wa aiki; inda ake cewa kafaran da lajidan kuwa, Faransi ne. Shi ya sa bai kamata mai rubuta hira ya gyara wa mai magana kalmominsa ba, ko ya juya Gobiranci da Katsinanci zuwa daidaitacciyar Hausa, domin shaidar tana cikin lafazin. Haka kuma a lura kada a cakuɗa wannan yaƙi da na Indocin da na Aljeriya da suka biyo baya, gama jikoki sukan haɗa su duka su kira su da suna ɗaya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ayyuka uku ne suka fi gaggawa. A ɗauki hoton littattafan soja da katunan fansho a gidajen masu su, a mayar musu nan take, tare da yardarsu. A tsara jerin sunayen mutane da garuruwa ta fuska biyu, rubutun Faransanci a gefe, na Hausa a gefe, domin amfanin duk mai shiga taska. A ƙarshe, a mayar da hirarrakin ƙananan littattafai, cikin boko da ajami, domin cibiyoyin yaƙi da jahilci na jihar Maraɗi. Babba mai koyon karatu ya fi ɗokin shafin da ya ambaci unguwarsu da kakansa, kuma sau da yawa shi ne zai ce akwai wata takarda a gidansu da ba a gani ba tukuna.