Cin Amana a Tarihin Sarautar Borno

Amana ita ce abin da aka danƙa wa mutum bisa yarda, shi ya sa cin amana ya fi tawaye muni, domin ɗan tawaye fito-na-fito yake yi, maci amana kuwa daga cikin gida yake sara. A 1846 Mai Ibrahim na gidan Saifawa ya gayyato Sarkin Wadai ya yaƙi Shehu Umar na gidan Elkanemi, sai Shehu ya sa aka kashe Mai, rundunar Wadai kuma ta rushe Kukawa, birnin Shehu. Hukuncin yana da ɗaci, domin gidan Elkanemi ne ya fara karɓe ikon Saifawa, kuma zuriyarsa ce ke sarauta a Yerwa, wato Maiduguri, tun 1907.